Kalmomi Biyar na Ranar Alhamis

Wani dare cikin damina, ruwa ya ɗauke ke nan, na ji wata ƙara da ban san ta ba. Ba ta ɓera ba ce, ba kuma ɗigon indararo ba ne. Wani siririn gunji ne, kamar ƙwaro ya faɗa cikin kwano yana zagayawa, sai ya yi shiru, sai ya sake. Ni mutum ne mai son sanin asalin abu. Ina da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado inda nake ajiye duk abin da ya ba ni mamaki, irin su dutse mai huda da na tsinta a bayan Tirwun, da makulli mai haƙora ta gefe biyu, da wani ƙwan zabuwa da bai fi gyaɗa girma ba. Don haka na daɗe a kwance ina saurare, ina fatan wata halitta ce da ba a taɓa gani ba a Ƙofar Ran.

Da na gaji na ɗauki tocila na fito tsakar gida. Fatu ce, matata. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta da tsohuwar tasa a gabanta, tana murza mazari a ciki. Babu auduga, babu zare, amma tana ɗaga hannun hagu sama a hankali kamar mai jan abawa. Rabonta da kaɗi ya fi shekara arba'in. Na tambaye ta abin da take yi, ta ce Iya ce ta ce a gama kafin ranar kasuwa. Iya mahaifiyata ce, kuma shekararta ashirin da shida a ƙasa. Na karɓi mazarin, na raka ta ɗaki, ban gaya wa kowa ba.

Sunana Ya'u. A aji huɗu na bar makaranta, na yi shekara talatin da ɗaya ina masinja a wata ma'aikatar gwamnati, ina kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan ina karanta abin da ya sawwaƙa a hanya. Aurenmu da Fatu shekara hamsin da ɗaya. Cikin 'ya'yan da Allah ya ba mu A'i ce kaɗai ta rayu, tana aure a GRA, mijinta babban ma'aikaci ne.

Ba ranar mazarin abin ya fara ba. Kafin nan akwai miyar da aka zuba wa gishiri sau biyu, akwai la'asar da aka sallata sau uku, akwai tambaya guda da za a yi mini tun safe har rana ta take tsaka. Na riƙa rufewa. In miya ta yi gishiri sai in ce bakina ne. Amma da A'i ta zo yawon Sallah ta ga uwarta ta sa takalmi a cikin tukunya ta rufe, sai ta ja ni gefe ta ce in dai aka tabbatar ciwo ne, za ta ɗauke Inna ta koma da ita wurinta, inda akwai katanga da mai gadi da masu aiki. Ba ta ce komai a kaina ba, ni ma ban tambaya ba. Kowa ya san namiji ba ya tarewa a gidan surukinsa. In Fatu ta tafi, ita kaɗai za ta tafi.

Bayan sati uku mai unguwa ya yi sanarwa a masallaci cewa wasu masu bincike daga jami'a za su zauna a ƙaramin asibitin unguwa, suna son duk wanda ya haura shekara sittin. Wai suna nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke tsufa, da abin da ke sa wasu su shiga gigin tsufa wasu kuma su mutu da hankalinsu garau. Maza ranar Litinin, mata ranar Alhamis. Da ni kaɗai ne da na fi kowa murna, don irin abin da nake so ke nan. Na yi niyyar in je ni ɗaya in bar Fatu a gida. Sai A'i ta bugo waya ta ce ta riga ta sa an rubuta sunayenmu duka biyu, kuma za ta kira ranar Alhamis da yamma ta ji sakamako.

Ranar Litinin muka tafi da Bakari, maƙwabcina, wanda katanga ɗaya ce tsakaninmu tun muna samari. Tsohon mai sayar da fata ne, bakinsa ba ya hutawa. Muna zaune a benci yana gaya wa mutane wai ni ba sai an gwada ni ba, tunda tun ina yaro na manta hanyar aji biyar. Na ce masa shi kuma in aka buɗe kansa babu abin da za a samu sai warin jima.

Wadda ta gwada ni wata matashiya ce mai suna Roda, 'yar Bogoro, da irin Hausarsu mai sauri. Ta auna jinina, ta sa mini wani abu a kunne mai fitar da ƙara siririya ta ce in ɗaga yatsa in na ji. Na tambaye ta me ya haɗa kunne da mantuwa. Ta ce abin da suke so su gane ke nan, don an lura a wasu wurare cewa hawan jini da rashin ji da zaman kaɗaici suna yawan tafiya tare da ciwon, suna so su ga ko a nan ma haka ne. Ta ce za su riƙa dawowa duk wata shida, har shekara biyar. Wannan ya burge ni ƙwarai. Na yi ta tunanin mutum kamar gida ne, in taga ɗaya ta toshe sai duhu ya fara taruwa a wani ɗaki can da ba a zata ba.

Daga nan ta shiga tambayoyi. Yau wace rana ce, wane wata, wace unguwa muke. Ta faɗi kalmomi biyar ta ce in riƙe, za ta tambaye ni an jima: kwando, kogi, tsintsiya, shuɗi, raƙumi. Ta ba ni takarda in zana agogo ya nuna sha ɗaya da minti goma. Na zana mata irin na ofishinmu na da, mai lambobin Rumawa, har da ƙugiyar rataye shi, ta yi dariya ta ce ba ta taɓa samun mai ƙugiya ba. Ta ce in lissafa dabbobi cikin minti ɗaya. Na kawo bodari da tunku da dila da bushiya, na kawo wata mai kan jaki da ƙafar agwagwa da na taɓa gani a mafarki, ta ce wannan ba za ta shiga ba. Da ta dawo kan kalmomin na tuna huɗu, shuɗi ya ɓace mini sai da ta tuna mini. Ta ce babu laifi, amma jinina ya ɗan hau, in rage gishiri.

Ina fitowa na ari biro a wurin mai ba da kati, na rubuta kalmomin a tafin hannuna. A hanya Bakari yana ta surutu, ni kuwa lissafi nake yi. Kwana uku ne tsakanin Litinin da Alhamis. Jarrabawa dai na san ta, ita ce ta kore ni daga makaranta, kuma na san waɗanda suka ci ba su fi ni kai ba, an dai biya musu ne a gida. Fatu kuwa tana yarinya ta yi suna da hadda a makarantar allo, har yanzu in ta ɗauko sura ba ta tuntuɓe.

Da yamma na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na ce ta zo mu yi karatu. Na fara biya mata kalmomin ɗaya bayan ɗaya, tana maimaitawa. In na tashi na sha ruwa na dawo sai in tarar babu ko ɗaya. Muka yi haka har magariba. Washegari dabara ta zo mini, na ɗinke su suka zama zance, na sa musu karin waƙar niƙa irin wadda take yi tun tana amarya:

Kwando ya tafi kogi,
Tsintsiya ta raka shi,
Sun ɗaura shuɗin zane,
Sun hau bayan raƙumi.

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Malam, yaushe ka zama zabiya. Amma ta kama. Kafin azahar tana yi ita kaɗai tana wanke-wanke. Na ƙara mata da ranar: in aka ce yau wace rana, ki ce Alhamis. Muka yi ta yi, ina tambaya tana amsawa, ranar Talata tana cewa Alhamis, ranar Laraba tana cewa Alhamis, ni kuma ina cewa madalla. Agogo ne ya gagare mu. Ta kan zana da'irar da kyau, sai ta tara lambobin duka a gefe ɗaya kamar awaki sun ga ruwa.

Zan faɗi gaskiya, an daɗe ba mu yi kwana uku masu daɗin waɗannan ba. Shekaru da yawa zamanmu na gaisuwa ne da miƙo abinci. Yanzu ga mu a tabarma ɗaya, gwiwa da gwiwa, tana kallon bakina.

Ranar Alhamis na raka ta. Roda ta ce zan iya zama a kujerar baya in dai ba zan yi magana ba. Ta tambayi rana, Fatu ta ce Alhamis, da ƙarfinta. Wata kuwa ba ta sani ba, unguwa ta ambaci ta gidan iyayenta. Na ce a raina ba komai, kalmomin za su cike. Sai na ji Roda ta ce, "Mama, ki riƙe waɗannan: fitila, gishiri, tsani, kore, agwagwa."

Ban san akwai jeri na biyu ba. Ban taɓa kawo wa raina ba. Fatu ta maimaita su daidai a take, aka wuce zuwa agogo da dabbobi. Da lokaci ya yi Roda ta ce ta faɗi kalmomin nan na ɗazu. Fatu ta gyara zama, ta gyara mayafi, ta rera waƙar kwando tun daga farko har raƙumi, ba ta bar ko harafi ba. Da ta gama ta juyo ta dube ni tana murmushi, tana jiran in ce madalla.

Na ce madalla. Roda ta ajiye biro.

Ta sa wata ma'aikaciya ta zauna da Fatu, ta ce in zo baranda. Na zaci faɗa za ta yi, sai ta tambaye ni kwana nawa muka yi muna biyawa. Na ce uku. Ta ce waƙar ta yi daɗi. Sannan ta ce, "Baba, wannan ba jarrabawar da ake ci ko a faɗi ba ce. Awo ne. Kamar ka kai yaro mai zazzaɓi ne, ka sa masa ƙanƙara a hammata kafin a auna shi."

Na ce, "'Yata, a wurinki awo ne. A gidana, in ta faɗi ɗauke ta za a yi."

 Ta ce ita ba ta da ikon raba kowa da kowa, kuma ba za ta kai wa wani labarin ba sai da yardarmu. Amma akwai wata takarda da ake cikewa da bakin wanda ke zaune da mutum, in na yarda. Da ta ce in ba ta labari ne, da na san yadda zan zagaye. Sai ta riƙa tambaya ɗaya-ɗaya, ƙanana. Ta taɓa barin tukunya ta ƙone? Tana maimaita tambaya? Tana neman waɗanda suka rasu? Tana iya yin cefane in an kawo talla? Ƙarya a kan ƙaramar tambaya tana da wuya. Na amsa duka, har na ba ta labarin mazarin. Ta rubuta wasiƙa zuwa ga likitan ƙwaƙwalwa a babban asibiti, ta sa a ambulan ta ba ni. Ta ce kada in jinkirta, don wani lokaci akwai abin da ke ƙara rikicewar wanda ake iya magancewa.

Da yamma A'i ta kira. Na ce mata Inna ta ci, har ta fi ni. Ta yi hamdala. Wasiƙar kuwa na sa ta a akwatin ƙarfe, ƙarƙashin dutse mai huda.

Washegari na sa babbar riga zan tafi masallaci, Fatu ta tare ni a zaure ta ce ina za ni da ado haka, ai yau Alhamis. Na ce Juma'a ce. Ta ce a'a, ni da bakina na gaya mata. Asabar ma Alhamis ce, Lahadi ma haka. Na yi ƙoƙarin in cire abin da na dasa, ya ƙi fita. Na riƙa mamakin yadda kan da ba ya riƙe abin da aka ci da safe ya riƙe wannan kamar an kafa da ƙusa. Har na so in koma in tambayi Roda, don na san abin zai amfani bincikensu, kunya ta hana ni.

Kwana tara wasiƙar ta yi a akwati. A rana ta tara aka yi rasuwa a bayan layinmu, na fita jana'iza da hantsi, na bar ta tana tankaɗe. Ban fi awa ɗaya da rabi ba. Na dawo na tarar ƙofa a buɗe, gari a rariya, babu Fatu. Na duba ɗaki, na duba banɗaki, na leƙa rijiya. Na shiga gidan Bakari, matarsa ta ce ba ta gan ta ba. Mai shagon bakin layi ne ya ce ya ga ta wuce da kwando a ka da tsintsiya a hannu, ta gaishe shi lafiya lau, ta tambaye shi hanyar kogi. Ya ɗauka wasa take yi, ya nuna mata gabas. Na tambaye shi wane irin zane ta ɗaura. Ya ce shuɗi.

 Bakari ne ya tari keke mai ƙafa uku ya bi hanya, ni aka zaunar da ni a bencin mai shago. Sai bayan la'asar suka dawo. A hanyar Tirwun ya same ta, zaune a gefen kwalbati inda ruwan sama ya taru, ƙafarta ɗaya babu takalmi, ta yanke a dunduniya. Wasu mata masu sayar da masara ne suka riƙe ta suka ba ta ruwa. Ya ce da ta gan shi ba ta yi mamaki ba, ta ce masa dai raƙumin ne bai iso ba tukuna. Bakari bai san waƙar ba, don haka bai gane komai ba, kuma ranar ce kaɗai na ga ya shiga gidana ya fita bai tsokane ni ba.

Na wanke mata ƙafar da ruwan ɗumi da gishiri. Na buɗe akwati na ɗauko wasiƙar, na kira A'i na ce ta zo, don ƙarya na yi mata rannan. Da ta iso ta karanta a tsaye a tsakar gida. Na gaya mata komai, da biyawar da waƙar. Ba ta ɗaga murya ba, A'i ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta ce, "Baba, da mota ta buge ta fa?" 

Likita ya yi gwaje-gwajensa na jini da hoton kai, ya ce ciwon mantuwa ne kuma ya riga ya yi nisa. Babu maganin da zai mayar da ita yadda take. Ya ba da na hawan jini da wani na rage firgita, ya ce kada a sake barinta ita kaɗai ko na minti goma. Daga asibiti motar ba ta biyo ta Ƙofar Ran ba. A'i ta ce sati biyu ne kawai, a ga yadda maganin zai karɓe ta. Na san ba sati biyu ba ne, ita ma ta san na sani.

Na riƙa zuwa kullum bayan azahar. Keke yana ajiye ni a bakin titi in taka sauran, don unguwar ba a cika shiga da keke ba. Gida ne mai faɗi, da bishiyoyin mangwaro tsofaffi waɗanda na tabbata sun girme ni. Ba na shiga falo. A kan sa mini kujera a ƙarƙashin mangwaro, a fito da ita. Mijin A'i mutumin kirki ne, in ya dawo ya tarar da ni sai ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ni kuma in rasa inda zan sa idona.

Fatu ba ta gane gidan ba. Ta ɗauka asibiti ne, tana kiran A'i malama nas, tana yi mata godiya mai yawa. Ba ta iya samun banɗaki, ƙofofin duk iri ɗaya ne. Da la'asar ta kan ɗaure kayanta a ɗankwali ta tsaya a bakin get tana jiran a sallame ta. Ta rame. A'i ta ce abinci sai an yi da gaske, amma ta lura in ina zaune tana ci, ko da ba ta kula ni ba. Wata rana tana ganina za ta ce Malam, ka daɗe. Wata rana kuma sai ta gaishe ni da ladabi irin na baƙo, ta ce in yi haƙuri mai gidan ya fita, in zauna yanzu zai dawo. Sai in zauna mu jira shi tare.

Da wata shida ya cika masu bincike suka dawo, na je zagaye na biyu. Kalmomin sababbi ne, na tuna huɗu kamar wancan karon, jinina kuma ya sauka kaɗan. Roda ta tambaye ni Mama. Na gaya mata yadda ake ciki, har da zancen Alhamis da na kogi, ta rubuta a gefen takarda. Na tambaye ta ko in aka mayar da ita gida za ta warware. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin da ba ta da shi ba. Abin da ta sani shi ne masu irin wannan ciwo sun fi natsuwa kusa da abin da suka saba, ko wuri ko murya ko fuska, amma ni kaɗai ba zan iya tsaron ta dare da rana ba, na riga na gani. Sannan ta dube ni ta ce a takardata ta farko na ce mu biyu ne a gida, yanzu me za ta rubuta. Na ce ta rubuta ɗaya. Ta ce wannan ma yana cikin abin da suke aunawa.

A makon ne A'i ta kawo mini saƙon mijinta, don shi ba zai iya faɗa mini da bakinsa ba. Akwai ɗaki a bayan gidan, mai ƙofarsa daban da banɗakinsa, da can direba ne a ciki. An yi masa fenti. In na yarda, za a sa gado biyu. Ta faɗa tana kallon ƙasa, ta ƙara da cewa ta san abin da mutane za su ce.

Ni ma na sani. A gidan nan na Ƙofar Ran aka yanke cibiyata, a zaurensa aka yi wa mahaifina sutura. Na san wani dattijo da ya taɓa komawa gidan mijin 'yarsa, har ya mutu ana kiransa ɗan tarewa, yara ma sun san sunan. Na yi kwana huɗu ina juya abin. Na je wurin liman, ya ce shari'a ba ta hana ba, sai dai al'ada, ya bar ni a nan. A rana ta huɗu na je GRA na tarar ta ƙi cin komai tun jiya, tana zaune a bakin get da ƙullinta a cinya. Na zauna a ƙasa kusa da ita, aka kawo kunu, na riƙe kofin ta sha rabi. Ba ta kira ni da kowane suna ba. Da zan tafi na ce wa A'i a sa gadon.

Ba na son motar suruki ta tsaya a ƙofar gidana, don haka keke na kira, ranar Asabar da hantsi. Kayan ba su da yawa: katifa, buhun tufafi, buta, rediyo, da tabarmar da muka yi karatu a kai. A'i ta zo da kanta ta taya ni ɗaurewa. Maƙwabta suka fito suka tsaya a bakin ƙofofinsu, wasu suna yi mini Allah ya kiyaye kamar mai tafiya Makka, wasu suna kallo kawai. Bakari ya ɗauki katifar ya ɗora a saman keke, yana cewa ashe tsufa bai hana a kai mutum ɗakin miji ba, saura a yi mini lalle. Na ce in ya ga dama ya zo ya yi mini buɗar kai. Aka yi dariya, ni ma na yi.

Na ja ƙofar zaure na sa kwaɗo, na miƙa masa makullin, na ce ya riƙa leƙawa saboda ruwa yana shiga ta kusurwar yamma. Ya karɓa ya juya shi a hannu. A'i ta riga ta shiga keke ta matsa mini wuri, mai keke ya tayar da inji. Na sa ƙafa ɗaya ke nan Bakari ya dafa ƙarfen keken, ya sunkuyo, babu wasa a fuskarsa.

"Wai Ya'u, tsakani da Allah," in ji shi, "in ka je can, ta san kai ne?"